Yadda Ake Karɓar Riƙon Yaron da Ya Riga Ya Yi Wayo

Galibin masu neman ɗan riƙo jariri suke so, shi ya sa yaran da suka kai shekara bakwai ko goma suke daɗewa a gidajen marayu, ko kuma a yi ta yawo da su daga wannan hannu zuwa wancan. Irin wannan yaro yakan zo da darasi guda da rayuwa ta koya masa tun da wuri, wato babba yana iya ce masa "nan gidanku ne" yau, gobe kuma a ɗaure masa kayansa a leda. Babban aikin mariƙi shi ne kankare wannan darasi daga zuciyarsa, kuma aiki ne na shekaru.

Kafin ya tako gidanku, ku bi ta hannun hukuma, ku nemi cikakken tarihinsa: gida nawa ya zauna, me ya raba shi da kowanne, wane ciwo ya yi fama da shi, kuma a ina karatunsa ya tsaya. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci riƙon wucin gadi da kafala da riƙon dindindin a sashe na 20, yayin da sashe na 12 ya ba yaro haƙƙin a saurari ra'ayinsa, don haka a tambaye shi, a kuma fara da gajerun ziyarce-ziyarce kafin ya tare. Idan yana da wa ko ƙanwa, ku yi iya ƙoƙarinku kada a raba su, domin sau da yawa su kaɗai ne suka rage masa.

Makonnin farko sukan zo da ladabi da shiru, har mutum ya ɗauka an dace. Daga baya ne gwaji yake farawa. Za ku iya tarar da ragowar abinci a ƙarƙashin matashin kansa alhali ya ƙoshi, ko ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara tara, ko ya yi ƙarya kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya zuba muku ido yana jiran ya ji abin da ya saba ji. A ganina nan ne riƙo yake gyaruwa ko ya lalace. Ku tsawata masa cikin natsuwa, ba duka ba gori, kuma ko da wasa kada kalmar "zan mayar da kai" ta fito daga bakinku. Wanda yake ɓoye abinci, ku ware masa wani ɗan mazubi da ba ya yankewa, ku nuna masa nasa ne. Lokacin barci da na tashi su kasance tsayayyu, kuma duk sanda za ku fita ku faɗa masa lokacin dawowarku, ku kuma cika.

Kada ku tilasta masa ya kira ku Baba ko Mama, kada ku sauya masa suna ba da yardarsa ba, kada kuma ku aibata iyayensa a gabansa komai laifinsu, domin yaro yana jin zagin mahaifiyarsa tamkar shi aka zaga. Ku adana masa hotuna da takardun makarantarsa a wuri guda.

Binciken da aka gudanar a Amurka tsakanin 1995 da 1997 kan manya fiye da 17,000 ya nuna cewa wahalar ƙuruciya tana ƙara haɗarin ciwon damuwa da shaye-shaye da ciwon zuciya bayan an girma. Saboda haka idan mugayen mafarkai suka ƙi ƙarewa, ko ya fara cutar da kansa, ku kai shi wurin likitan halayyar yara ba tare da jinkiri ba, ku ma ku samu wanda zai riƙa karɓar ku idan gajiya ta yi yawa.