Atisayen ɗan kokawa daga saukar damina zuwa kaka

A Mai Wurno da ƙauyukan Gadarif na ƙasar Sudan, da ruwa ya kankama a watan Yuli sai fage ya yi sanyi, samari su koma gona. Da yawa suna ganin noma ya ishe su atisaye. Noma na ba da juriya, amma ba ya koya wa ƙugu ɗaga ƙato mai kilo 80 farat ɗaya. Wannan gina shi ake yi, kuma mako 12 sun isa.

Mako biyun farko hutu ne, in ban da tafiya da miƙe gaɓoɓi. Wanda ya fito da targaɗe a gwiwa ko kafaɗa ya bari ya warke sarai.

Mako shida na gaba na ƙarfi ne, sau uku a mako, da kwana ɗaya a tsakani. Ka zuba yashi kilo 25 a leda mai kauri, ka sa a buhu ka ɗaure. Rungume shi a ƙirji, tsugunna har cinya ta yi daidai da gwiwa, sannan ka miƙe. Sau shida, hutun minti biyu, zagaye huɗu. Diddige ya zauna a ƙasa, gwiwa kada ta karkato ciki. Bayan nan ɗaga buhun daga ƙasa zuwa kafaɗa, biyar dama biyar hagu. A nan ake samun ciwon baya, domin mutum na gajiya sai ya gantsare ko ya ranƙwafa ya fizgo da gadon baya. Kusanto da buhun jikinka, baya a miƙe, ƙafa da ƙugu su yi aikin. Ranar da shidan suka zo da sauƙi, ƙara kilo biyu, ba goma ba.

Riƙo kuwa, jarka biyu masu lita 20 cike da ruwa, ka yi taku 40 da su, sau huɗu. Rataya tawul a reshe mai ƙwari ka riƙa jan jikinka sama. Yatsu za su yi kuka, haka ake so.

Wuya a bi shi a hankali. Dafa tafin hannu a goshi, ka tura kai hannu na tarewa, daƙiƙa 10, haka ƙeya da gefe biyu. Sabon shiga kada ya kafa kai a ƙasa yana juyi.

Mako huɗun ƙarshe na numfashi ne. Rage aikin buhu zuwa sau biyu a mako, ka nemi tudu ko rairayi: gudu iya ƙarfi daƙiƙa 15, hutun minti ɗaya, sau takwas. Nan ne kuma ake komawa kamawa da abokin atisaye.

Yi aikin bayan asuba, kafin rana ta buɗe. Auna kanka kafin da bayan atisaye. Duk kilo ɗaya da ya tafi, mayar da ruwa lita ɗaya da rabi. Asida (tuwo) da kisra (gurasar dawa mai falen-falen) kaɗai ba sa gina tsoka, a haɗa da ful (dafaffen wake), ƙwai, gyaɗa, nono ko kifi a kowane ci. Wanka a magudanan ban ruwa na yankin Jazira a bar shi, tsargiya ake kwasowa.

Zazzaɓin cizon sauro yakan kumbura saifa, kuma faɗuwa ɗaya na iya fasa ta. Wanda ya tashi daga zazzaɓi kada ya kama kowa sai likita ya duba cikinsa.