Kurakuran da ke ɓata fentin 'yan sojojin elf a Kaduna

Ɗan mutum-mutumin elf na wasan yaƙin tebur, irin na Warhammer da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da shi a 1983, tsayinsa bai fi milimita 28 zuwa 32 ba. Amma a wannan ɗan jikin an fitar da tsinin kunne, silin gashi, ƙwayoyin sulke, har da gashin kibiya. Kyan elf, wato halittar tatsuniyoyin Turawa mai kama da mutum, a siririn zanen nan yake, kuma shi ne sabon hannu ke fara binnewa.

Yadda ake binne shi kuwa, a dangwalo fenti daga kwalba a shafa kai tsaye. Fentin akirilik, ko na Citadel ne ko na Vallejo, da kaurinsa yake zuwa. Ɗiga kaɗan a faranti, ka sirka da ruwa har ya koma kamar madarar shanu, ka rage a jikin takarda, sannan ka shafa. Shafar farko za ta fito da dabbare-dabbare, kada hankalinka ya tashi. Bari ta bushe ka ƙara ta biyu. In ka riga ka yi kauri, jiƙa sojan cikin sinadarin isofurofil, wani nau'in alkohol, ka goge da tsohon burushin haƙori. Asiton kam, wato sinadarin goge fentin farce, kada ya kusanci robar sojan, narkar da ita yake yi.

Sai abin da ya fi damuna: muna bin shawarar masu fenti a ƙasashen sanyi, mu manta a Kaduna muke. Da hunturu, tun Disamba har Fabrairu, fenti kan bushe a bakin burushi kafin ya kai ga fuskar sojan, shi ya sa kake ganin gudaji a kumatu. Maganin ba tsada. Sami roba mai murfi, shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ɗora takardar gashin burodi a kai, ka riƙa haɗa fentinka a nan. Kashe fanka, kuma ka kife kwali a kan duk wanda ka gama, don ƙurar hazo ba ta raina ɗanyen fenti. Fesa fentin shimfiɗa, wato na farkon da sauran fenti ke hawa kansa, daga nesa a busasshiyar iskar nan ma ɓarna ce. Yana bushewa a hanya, ya sauka kamar yashi. Matso da gwangwanin zuwa kamar taƙi ɗaya, ka fesa a gajarce. Da damina kuma, a Agusta musamman, danshi kan sa man kariyar da ake fesawa a ƙarshe ya yi fari fat. Jira rana ta buɗe, ko ka shafa da burushi.

Kafin komai, kankare layin da injin zubi ya bari da bayan reza, in ba haka ba zai ratsa kwalkwali ya fito ɓaro-ɓaro.

Farar alkyabba tana ka da mutane da yawa. Kada ka fara da fari. Fara da ruwan toka mai haske, ka bar shi cikin lungunan ninki, fari tsantsa sai a kan tudun ninkin kawai.

Ido kuma, a ganina sojan da zai tsaya cikin sahu bai buƙatarsa. Daga kan tebur ba mai hango shi, kuma ɗigo ɗaya in ya zarce sai jarumin ya zama firgitacce. Zuba siririn ruwan ƙasa-ƙasa a kwarmin idon, ka haska karan hanci da tsinin kunne, ka wuce na gaba.