Yadda Malami Zai Koyar da Layukan Taswira ta Hanyar Labarin Jirgin Endurance

Malaman labarin ƙasa a sakandaren Zariya sun san cewa ɗalibai kan haddace layukan kwance da na tsaye na taswira ba tare da sun gane amfaninsu ba. Labarin jirgin ruwan Endurance yana magance wannan matsala, in dai malami ya bi da darasin ta hanyar da ta dace.

A fara da labarin a taƙaice. Jirgin katako ne da Baturen nan mai binciken ƙasashe Ernest Shackleton ya tafi da shi yankin Antatika a 1914, ƙanƙara ta datse shi a tekun Weddell, ta yi ta matse shi wata da watanni har ya nutse ranar 21 ga Nuwamba, 1915, amma dukkan mutane 28 da ke cikinsa sun tsira. Abin da ya shafi darasinmu shi ne, kyaftin ɗin jirgin, Frank Worsley, ya rubuta wurin da abin ya faru: digiri 68 da minti 39 kudu, digiri 52 da minti 26 yamma (minti a nan kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri). Malami ya rubuta waɗannan lambobi a allo, ya sa ɗalibai su nemo Zariya tukuna, wajen digiri 11 arewa da kusan digiri 8 gabas, sannan su bi da yatsa har tekun Weddell.

Mataki na gaba shi ne mafi muhimmanci, kuma a ganina bai kamata a yi shi a cikin aji ba. A fita filin makaranta da hantsi, a kafa sanda a miƙe, a riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta bayan kowane minti 10. Lokacin da inuwar ta fi gajarta shi ne zawali, wanda duk ɗalibin da ya yi karatun allo ya san shi saboda sallar Azahar. Za su lura cewa a Zariya zawali yakan kai wajen sha biyu da rabi, domin agogon Najeriya an saita shi ne a kan digiri 15 gabas, kuma rana tana ɗaukar minti 4 kafin ta ƙetare kowane digiri. Da irin wannan lissafi Worsley ya yi aiki, da agogo da na'urar auna tsayin rana, a inda gajimare kan ɓoye ranar kwana da kwanaki, ƙanƙarar da yake tsaye a kanta kuma tana tafiya da shi.

Daga nan sai a tambaye su ko lissafinsa ya yi daidai, a bar su su yi gardama kafin a ba su amsa. Yunƙurin gano jirgin da aka yi a 2019 bai yi nasara ba, domin na'urar binciken ta ɓace ƙarƙashin ƙanƙara. A 2022 tawagar Endurance22 ta tashi daga Cape Town a jirgin S.A. Agulhas II na Afirka ta Kudu, ta yi ta share ƙasan teku layi-layi da na'urorin Sabertooth masu gano abu ta amsa-kuwwar sauti, har ta same shi ranar 5 ga Maris a zurfin mita 3,008, kimanin mil 4 kudu da wurin da Worsley ya rubuta. Wannan tazara ba ta kai daga Ƙofar Doka zuwa Samaru ba.

Idan da waya mai intanet, a nuna musu hotunan jirgin, sunansa na nan ɓaro-ɓaro a bayansa, katakon bai ruɓe ba saboda tsutsar da ke cin katako ba ta rayuwa a wannan ruwa. Ɗalibai kan tambayi abin da aka ɗauko daga ciki. Ba a taɓa komai ba, domin Yarjejeniyar Antatika ta ayyana shi a matsayin wurin tarihi.