Daga gidan kanka zuwa haya: kurakuran da bashi ke jefa mutane ciki

Duk shekara sai wani ɗan kasuwa a Kwari ko Singa, a nan Kano, ya karye, ya sayar da gida, kuma ya faɗa ramin da na gabansa suka faɗa. Na gaji da kallo.

Babban kuskure shi ne jinkiri saboda kunya. Mutum ya san jari ya ƙare, amma sai ya ci sabon bashi ya toshe tsohon, don kada a ce Alhaji ya sayar da gida. Wasu har takardun gidan suke kaiwa jingina wajen masu ba da kuɗi da ruwa. Wannan jinkirin ni ma ya cinye mini dukiya mai yawa, shi ya sa nake ɗaga murya. Ranar da masu bin bashi suka fara zarya a ƙofar gidanka, ko aka kawo sammaci daga kotu, dillalai sun riga sun ji, kuma babu mai yi maka tayin mutunci. Haba malam! Ka sa gidan a kasuwa tun kana da bakin cewa albarka, ba sai an ƙure ka ba.

Na biyu, raba kuɗin gidan ba rubutu, wanda ya fi hayaniya shi ake fara sallama. Ni dai shawarata, ka tara masu bin bashin duka gaban mai unguwa ko liman, a lissafa bashin kowa, ka nemi rangwame, wanda aka biya ya sa hannu gaban shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. A wannan zaman, da saninsu, ka ware kuɗin hayar shekara, la'adar dillali da ɗan abin juyawa. Na ga magidancin da ya biya kowa tas, ƙarshe iyalinsa suka rarrabu a gidajen dangi.

Sai kama hayar da ta fi ƙarfinka don idon mutane. Me ya kai mai karayar arziki Nasarawa GRA? Ga Sheka, ga Kurna, ga Ɗorayi. Haya a Kano ta shekara ce, kuma shekara ba ta da nisa.

Kafin ka biya, tambayi bashin KEDCO, kamfanin wutar lantarki, da ke kan mita, da inda ake samun ruwa. Kada ka tare ba yarjejeniya a rubuce. Kayan ɗakin matarka nata ne, ba sa cikin lissafin bashi, kuma kada ta ji labarin sayar da gidan a bakin maƙwabta. In gidan gado ne, kasonka kawai za ka iya sayarwa.

Wasu kuma girman kai ke hana su karɓar zakka, alhali aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci waɗanda bashi ya danne cikin masu haƙƙi. In an kawo maka, ka karɓa ka rage bashi.