Yadda Malami Zai Koyar da Yaro Mai Galahanga a Cikin Aji

A taron da aka yi a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya a 1994, gwamnatoci 92 sun amince cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu a aji ɗaya da sauran yara. Amma yaro mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yana iya shekara a kan benci bai ƙaru da komai ba idan malami bai san cewa da yawa daga cikin irin waɗannan yara sun fi fahimtar abin da suka gani a kan abin da suka ji, kuma hankalinsu ba ya kwanciya sai sun san abin da zai biyo baya.

Malam, ka fara da mahaifiyarsa. Ita ta san ƙarar da ke firgita shi da abin da ke lallashinsa. Sannan ka zaunar da shi kusa da kai, nesa da ƙofa da taga, domin hayaniyar da sauran yara ba su damu da ita ba tana iya yi masa zafi a kunne.

Babban aikin shi ne jadawalin hotuna, dabarar da TEACCH, wani shirin koyar da masu galahanga na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya yaɗa tun daga 1972. Ka yanka kwali, ka zana littafi domin karatu, ƙwallo domin wasa, kwano domin cin abinci, ka jera su daga sama zuwa ƙasa a gefen teburinsa. Duk abin da aka gama, shi da kansa zai cire katin ya jefa a gwangwani. Idan za a sauya tsari, ka nuna masa tun da safe, kada kwatsam ya ga an fita taro a lokacin lissafi. Yaron da bai iya magana ba kuwa, a koya masa miƙa hoton kofi idan yana son ruwa, kuma a ba shi nan take. Wannan ita ce hanyar PECS, wato sadarwa ta hanyar miƙa hoto, da aka ƙirƙiro a 1985.

Ka taƙaita umarni: "Ɗauki fensir." Ka yi shiru na kamar daƙiƙa goma kafin ka maimaita, da kalmomin nan dai. Kada ka tilasta masa kallon idonka, kuma idan yana kaɗa hannu ko jijjiga jiki, ƙyale shi, da haka yake kwantar da kansa. Bulala a nan zalunci ce, domin kukan da ake ɗauka taurin kai ne sau da yawa gajiya ce ko tsoro.

Idan watanni sun shuɗe yaron yana cutar da kansa ko ya kasa jure cunkoson aji, ka zauna da iyayensa ku duba makaranta ta musamman, inda ɗalibai kaɗan ne kuma akwai masu koyar da magana. Ka ba shi katunansa ya tafi da su.