Yadda Ake Gano Matsalar Mai Idan Tsohuwar Mota Mai Kabireta Ta Ƙi Tashi

Da zarar tsohuwar mota ta ƙi tashi, sai ka ga an ɗauko sukudireba an hau murɗa kusoshin kabireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Don Allah kada ka fara da nan. Kusoshin ba sa juya kansu cikin dare, kuma idan ka taɓa su, matsala ɗaya ta koma biyu.

Da farko ka tabbatar batir yana juya inji da ƙarfi, fulogi kuma yana ba da wuta. Idan waɗannan lafiya lau ne, saura tambaya ɗaya: mai ne bai iso ba, ko yawa ya yi?

Cire matatar iska, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaron kabireta, wani ya taka totur sau biyu. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa siririya. Idan ko ɗigo babu, galibi kwanon kabireta ne, wato inda fetur ke taruwa a cikinta, ya bushe. Motar da ta kwana biyu a ajiye takan yi haka, domin man da ke kwanon ƙafewa yake yi.

Daga nan sai ka bi hanyar mai da baya. Duba matatar mai, idan ta yi datti canza ta. Cire wayar kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ka zare tiyon da ke shiga kabireta ka sa bakinsa a kwalba, a juya inji kamar daƙiƙa 10. Famfon da ke jawo fetur daga tanki, idan lafiyarsa ƙalau, yana tunkuɗo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Idan tsiyaya yake yi, zaro sandar gwajin baƙin mai ka sansana. Warin fetur a jikinta na nufin robar cikin famfon ta yage, fetur yana gangarawa cikin inji. Wannan ba abin jinkiri ba ne: a canza famfo, a juye baƙin man. Tiyon da ya tsattsage shi ma yana sa famfo ya riƙa zuƙar iska, ko da ba ka ga yoyo ba. Haka murfin tanki idan kafar numfashinsa ta toshe.

Idan kuwa wari ya cika wurin, fulogi ya fito jiƙe sharkaf, mai ne ya yi yawa. Taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka yi ta dannawa, sannan ka murɗa makulli. Idan abin yana maimaituwa, buɗe kwanon ka duba allurar da ke tsayar da mai. Ɗan tsaki kaɗan ya isa ya hana ta rufewa. Girgiza fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon yana tura allurar, kusa da kunne, idan ka ji ruwa a ciki ya huje.

Lokacin da motar take gardama shi ma shaida ne. Da sanyin safiya, cok, wato marfin da ke rage shigar iska a bakin kabireta, ya kamata ya rufe, ya buɗe gaba ɗaya bayan inji ya ɗumama. Idan kuma sai ta yi zafi take ƙin tashi, fetur ne ke tafasa a bututu ko a kwano. Nisanta bututun daga salansa, ka sa faranti mai tare zafi ƙarƙashin kabireta.

Duk wannan aikin a fili ake yin sa, ba sigari, ba fitila mai harshe, abin kashe gobara yana kusa da hannu. Kuma kada ka ɗora fuskarka a kan kabireta ana juya inji, domin takan yi aman wuta.