Yadda Ake Gauraya Ruwa a Siririyar Hanya da Ɗigon Ƙarfe da Lantarki

A hanyar ruwa da faɗinta bai wuce na silin gashi uku ba, ruwa ba ya hargitsewa. In ka tura jan ruwa da shuɗi tare, haka za su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe, kowanne a gefensa. Wannan ne ciwon kan masu ƙera ƙananan na'urorin gwaji, domin ba wurin sa abin motsawa. A 2014 masu bincike a Jami'ar RMIT da ke Melbon, a Ostireliya, suka nuna cewa ɗigon ƙarfe guda ɗaya zai iya wannan aikin.

Fara da ƙarfen. Nemi Galinstan, haɗin galiyom da indiyom da kuza, wanda kusan kashi 68 cikin 100 nasa galiyom ne. Ruwa-ruwa yake a zafin ɗaki, kuma ba ya tururin guba irin na zaiba. Amma kada ka bari ya taɓa alminiyom, cinye shi yake yi.

Sai hanyar. A ƙera ta da PDMS, wata robar silikon da ake ganin cikinta, a yi mata baki biyu da ke haɗewa wuri ɗaya. Can gaba da mahaɗar a yi ɗan gurbi inda ɗigon zai zauna ba tare da ruwa ya tafi da shi ba. Sa sandar girafayit (baƙin abin da ke cikin fensir) ɗaya gabansa, ɗaya bayansa, ta nan lantarki zai shiga ruwan.

Mataki na uku ne ya fi neman natsuwa. Da zarar galiyom ya sha iska sai ya yi yana, wata siririyar fata mai ruwan toka da ke sa shi manne wa bango. Ɗigo mai yana ba ya aiki. Don haka cika hanyar da ruwan kostik soda marar ƙarfi tukuna, da safar hannu da tabarau, sannan ka ɗiga ƙarfen da sirinji. Tsaya ka kalla: ɗigon da ya sauka da wutsiya, a yamutse, zai tattare kansa ya zama dunƙule mai sheƙi kamar madubi. Sai ka ga haka za ka ci gaba.

Yanzu tura ruwan biyu a hankali, duka na soda, ɗaya da rini, ka ba da lantarki mai kai-da-komo na 'yan bolt kaɗan. A cikin soda, saman ɗigon yana ɗauke da caji. Lantarki kan tara cajin a gefe ɗaya fiye da ɗayan, sai saman ɗigon ya saki a gefe guda, ya ɗaure a ɗayan. Saman ƙarfen sai ya zame zuwa inda ya fi ɗaurewa, ya ja ruwan da ke jikinsa. Da wutar ta juya, jan ma ya juya. Wannan kai-kawo ne ke ninke ja cikin shuɗi, alhali ɗigon yana nan a gurbinsa. Ni dai wannan ne ya fi burge ni: ba haƙoran inji, ba abin da zai goge ya lalace.

Duba ta madubin ƙara girma. In har layin da ke raba launukan yana nan bayan ɗigon, rage gudun ruwa ko ka sauya saurin juyawar wutar. In kumfa ta taso a jikin sandunan, wutar ta yi yawa, ruwan ne ya fara tsagewa zuwa iska. Kada ka bar wuta mai bin gefe ɗaya ta daɗe, tana iya dawo da yanar.

Kafin ka sa jini ko ƙwayoyin halitta masu rai, tuna cewa soda tana lalata su, sai ka nemi ruwan gishiri mai sauƙi ka sake gwada komai daga farko.